Ranar da Muka Kashe Baba Ƙugiya a Intanet

Duk wanda ya san Baba Iliya na unguwar Bukan Sidi ya san kafin ka ga fuskarsa jan biro za ka fara gani. Yana maƙale a bayan kunnensa na dama, rani da damina, coci da kasuwa, har gidan biki. Mama ta taɓa rantsewa da shi yake wanka. Idan Baba ya tsaya cak a bakin titi, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, to allon wani shago ya shiga uku. Sai ya matso a hankali kamar mai shirin kama kaza, ya zaro biron, ya yi tambayar nan tasa da duk muka haddace:

"Wa ya karanta?"

Bai damu da wanda ya rubuta ba. Shi dai a nuna masa wanda ya karanta kafin a kafa wa jama'a.

Ni ce Saratu, ƙanwar Bulus mai kafe na intanet, wadda take buga muku labaran da kuke gani a wannan shafi. Ku yi haƙuri in maganata ta yi ta kai da kawo. Tun da muka binne Baba barcina bai koma daidai ba. Ni ce matsoraciyar gidanmu, ko kaza aka yanka baya nake juyawa. Amma akwai alkawarin da Baba ya sa na ɗauka, kuma sai kun ji yadda aka yi na ɗauke shi za ku gane abin da ya kai ni ɗakin da na shiga.

Baba mutumin Eggon ne, Hausa ba yaren gidansu ba ce, kamar yawancinmu a nan. A makarantar mishan ya koye ta, shi da bakinsa yake cewa da bulala. Daga nan ya yi shekara da shekaru a wata maɗaba'a can arewa, aikinsa ya karanta shafi kafin inji ya buga. Ya dawo gida da tabarau mai kauri, da ciwon baya, da wata cuta da ba asibitin da ke da maganinta: ba ya iya ganin harafi ya rasa ƙugiyarsa ya wuce. Ina nufin ɗan lanƙwason nan na kan ƙ da ɗ da ɓ. Shi ya sa yaran unguwa suka sa masa Baba Ƙugiya. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne yadda muke faɗarsa. Kana cewa "Baba Kugiya, ina kwana," zai juyo ko a tsakiyar addu'a yake.

"Ƙu! Ƙu! Daga maƙogwaro! Sake!"

Sai ka sake har ya gamsu, sannan ya ce lafiya lau.

Kun tuna Ɗanjuma mai keke napep, wanda yake yin layin Akurba? Da ya fito da kekensa sabo fil, sai ya sa aka rubuta masa a baya da manyan haruffa: BANA KARYA. Ranar farko Baba ya ɗaga masa hannu. Ɗanjuma ya taka birki da murna, ya zaci fasinja ne.

"Ɗana, na tsayar da kai ne in yi maka jaje."

"Jajen me, Baba? Sabo ne fa, ko leda ban cire ba!"

"Na ga sanarwarka. Ka ce bana karya ce kai. To bara me kake, akuya?"

"Haba Baba! Ba na ƙarya nake nufi. Ni mutum ne mai gaskiya."

"Ai kuwa da ƙarya ka fara. Je ka raba ba da na, ka sa ƙugiya."

Ɗanjuma, Allah ya ba shi haƙuri, ya koma wajen mai fenti ya ce a sa ƙugiya. Mai fentin bai tambaya a ina ba. Washegari keke ya fito yana sheƙi: ƁANA KARYA. Baba ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya nemi bakin kwalbati ya zauna ya riƙe kai. Daga ranar bai taɓa shiga keken nan ba. Sai ka gan shi cikin rana tsaka yana takawa zuwa kasuwa, Ɗanjuma na bin sa a hankali a gefe.

"Baba shigo mana, ba zan karɓi komai ba!"

"Ba na shiga kuskure da ƙafata."

Biron nan ma abin kallo ne. Gidansa ya tsage tuntuni, Baba ya naɗe shi da roba. In tawada ta ƙi zuwa, ba ya yarda ta ƙare. Ya murza a tafin hannu, ya hura masa iska, ya yarfa. In duk ta ƙi, sai ya zaga bayan kafe ya kanga shi a bakin hayaƙin janareto har ya ɗumama. Yaya Bulus ya taɓa sayo masa sabo. Baba ya karɓa, ya yi godiya, ya ba ni.

"Ki ajiye. Wannan bai san aiki ba tukuna."

Da Yaya Bulus ya buɗe kafensa, ni na gama sakandare ina zaune a gida, sai ya ce in zo in riƙa buga wa mutane takardu. Ba a daɗe ba ya ƙirƙiro wannan shafi, wai don 'yan Lafiya da ke Abuja da Legas da ƙasar waje su riƙa jin labarin gida da Hausa. Ba wanda ya gayyaci Baba. Wata safiya kawai muka gan shi ya shigo da kujerarsa ta roba a hannu, ya ajiye ta a bayana, ya zauna.

"Na ji kun fara jarida."

"Blog ne, Baba," in ji Yaya.

"Ina takardar?"

"Babu takarda. A iska yake."

"To, jaridar iska. Wa yake karantawa kafin ku sake ta?"

Yaya ya yi dariya. "Baba, wancan zamaninku ne. Intanet ba ya jira. In an yi kuskure, daga baya sai a shiga a gyara, shi ke nan."

"Wanda ya riga ya karanta ya tashi fa? Za ka bi shi gida ka gyara masa a cikin kai?"

Rigimarsu ke nan kullum, ni kuma a tsakiya, Yaya ta dama yana "oya oya, danna," Baba ta hagu yana "tsaya." Kibod ɗinmu ba shi da ƙugiya ko ɗaya. Baba ya sa ni na yi ta tono a cikin kwamfuta har na gano inda ake ɓoye su, sai dai kowace sai ka je ka ɗauko ta kamar ɗiban ruwa a rijiya. Kuma a kwamfutar wasu ba ta fitowa, sai ɗan akwati. Yaya ya ce ɓata lokaci ne, ya hana. Baba ya ce gara akwatin, ko ba komai mai karatu zai san an yi niyya.

Sau ɗaya dai kowa ya yarda Baba ya cece mu. Bayan girbin dawa ne. Manoman bayan Akurba suka tara karan gonakinsu, suka kai wa Ardo Buba don shanunsa, kamar yadda suka saba, shi kuma daga baya shanun su kwana a gonakin su bar taki. Yaya ya ji daɗin labarin, ya ce irin wannan ya kamata duniya ta ji. Ya faɗa mini kanun na buga: Manoman Akurba sun kai kara gidan Ardo.

Biro ya sauko a kan gilashin kwamfuta, ƙwas.

"Ƙarar wa suka kai?"

"Ba ƙara ba, Baba, kara. Karan dawa. Ai ka ga babu ƙugiya, yau daidai muka rubuta!"

"Daidai ɗin ne zai ƙone ku. Kun saba wa mutane da rubutu ba ƙugiya, kowa ya koyi sa muku da kansa. Yau zai sa inda babu. Na Abuja zai kira ƙauye ya ce me Fulani suka yi. Na ƙauye zai ce bai ji ba, amma bari ya tambaya. Kafin yamma tambayar ta zama labari."

Mu da muka girma a nan mun san inda irin wannan tambayar take ƙarewa. Aka sake kanun: Manoman Akurba sun kai wa shanun Ardo karan dawa kyauta. Yaya ya yi ƙunƙuni wai ya yi tsawo kamar wa'azi, amma ya bari. Da zancen ya kai kunnen Ardo, ya yi dariya har da hawaye, ya aiko da ƙwaryar kindirmo. Baba ya sha ya ƙoshi, ya juya ƙwaryar ya duba gindinta.

"Abin da ya sa nake son mutanen nan ke nan. Ba sa rubuta komai a jikin kayansu."

Kada ku zaci kullum shi ke da gaskiya. Akwai lokacin da kananzir ya yi wuya a gari, sai ga labari cewa tanka ta sauke a wani gidan mai. Yaya ya shigo a guje. Na buga layi biyu kacal. Baba ya ce a fitar masa a takarda. Ya karanta. Ya ce kananzir ne ko kalanzir. Ya ce tanka mace ce ko namiji. Ya ce wa ya ga tankar da idonsa. Ya aika a tambayo. Biro ya ƙi zuwa, ya tafi bayan janareto. Kafin labarin ya hau shafi, mai ya ƙare, layi ya watse, mai gidan man ya kulle ya tafi salla. Mama, wadda ta zauna jiran in aiko mata ta tabbata, ta zo har kafe da galan ɗinta wayam, ta dangwara shi a gaban Baba.

"Ga shi, Baba. Zuba mini ƙugiya in dafa tuwo."

Baba bai ko ɗago ba. "Amma dai kin ga labarin ba kuskure."

Yaya ya riƙe wannan kamar tuta. Duk ranar da Baba ya ce tsaya, sai Yaya ya ce, "Kananzir, Baba. Kananzir."

To, ga ranar da muka kashe shi.

Yayar Baba, tsohuwa ƙwarai, ta kwanta ciwo a ƙauye, Baba ya tafi dubiya. Kun san bai taɓa riƙe waya ba, ya ce ba zai sayi abin da yake aika saƙo ba ƙugiya ba. Sai ga kira a wayar Yaya daga Monday, ɗan ƙanin Baba. Janareto na ruri, layi na yankewa. Abin da Monday ya faɗa shi ne, "Sista na Baba Iliya ya mutu." Iska ta cinye farkon maganar. Kuma kun san Hausarmu ta nan, mace da namiji duk ya ne. Da Monday ya ce ta mutu, da Yaya ya tsaya ya yi tunani. Abin da ya shiga kunnensa kawai, "Baba Iliya ya mutu."

Yaya ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, kuka na gaske, don duk faɗan nan yana son tsohon. Ni ma na fara. Na ce, "Yaya, a sake kira." Ya kira, layi ya ƙi shiga. Ya share ido ya ce, "Namu ne. Ba zan bari a ji daga bakin wani ba." Ya ja kujera ya buga da kansa, ya danna.

Jama'a, ashe ana karanta mu haka! Rifkatu, 'yar Baba da ke aikin nas a Kaduna, wata abokiyar aikinta ce ta nuna mata, ta kamo hanya tana kuka. Matan zumunta na coci suka cika gidan Baba da waƙa, aka kafa rumfa, aka ɗora tukunyar shinkafa. Ɗanjuma ya ɗaura baƙin ƙyalle a madubin keke yana ce wa fasinjoji, "Har ya tafi bai shiga ba."

Washegari da rana hadari ya haɗo, an ɗauke wuta, kafe ya yi duhu. Yaya ya tafi sayo mai, ni kaɗai ce a ciki, idanuna sun kumbura. Sai na ji an turo ƙofa. Na ɗaga kai. Farar riga har ƙasa, ruwa na ɗiga daga gefenta, tabarau, jan biro a kunne.

"Saratu, me ya sami garin nan? Tun daga tasha kowa ya gan ni sai ya zura a guje. Mai lemu har tirenta ta bari."

Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin tebur ba. Na ƙanƙame wayoyin kwamfuta ina ihu.

"Jinin Yesu! Baba ka koma! Ban yi maka komai ba! Yaya ne ya hana sa ƙugiya, ba ni ba!"

"Fito ki ba ni ruwa, ke."

"Matattu ba sa shan ruwa! Baba don Allah ka koma!"

Ana haka Yaya ya shigo. Galan ya faɗi, Yaya ya manne da bango. Baba ya dube shi, ya dubi ƙafafuna da suka leƙo daga ƙarƙashin tebur, ya ja kujerarsa ta roba ya zauna.

"Bulus. Me ka rubuta?"

Aka tayar da janareto. Baba ya ce a fitar masa a takarda, a bayan wadda ta lalace, kada a ɓata sabuwa. Ya gyara tabarau, ya shiga karanta sanarwar mutuwarsa a natse kamar ta wani. Biro ya fara aiki. Ni ina leƙe daga nesa, har lokacin ban yarda in matso ba.

"Kugiya. Sunana ne fa, Bulus. Ko a mutuwa ba za ka ba ni ƙugiyata ba?" Ya ja layi. "Ya rigamu. Raba su. Dan asalin. Ɗan!" Ya ci gaba, sai ya tsaya, ya kanne ido ɗaya. "Marigayin ya bar yaya da jikoki. Na bar yaya? Yayar ce ta bar ni! Jiya muka binne ta!"

Takardar ta koma ja kamar an yanka zakara a kanta. Ya miƙa wa Yaya.

"Baba, ka yafe mini."

"Mutuwar ba ta dame ni ba, tana nan zuwa. Amma da ka ba ni na karanta kafin ka saka, da na gaya maka ban mutu ba."

Daga nan ya tashi ya tafi makokinsa da ƙafarsa. Waɗanda suke wurin sun fi ni sanin yadda matan zumunta suka tsallake benci. Da hankali ya kwanta, Baba ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya ce tunda an dafa ba za a zubar ba, a mai da shi makokin yayarsa. Ya ci shinkafar ya ce gishiri ya yi yawa. Rifkatu ta iso da yamma, ta rungume ubanta, ta yi kuka ta yi dariya, sannan ta tambaya ina Bulus. Da jakar hannu ta bi shi har bakin titi.

Tun daga ranar ba a ƙara cewa kananzir a kafe ba. Duk abin da zai hau shafi sai mutum na biyu ya karanta. Baba kuma ya yarda, da ƙyar, cewa labarin layi biyu ba ya bukatar a je bayan janareto.

Bayan kwana biyu, Yaya ya fita, Baba ya jawo kujerarsa kusa da ni.

"'Yata, za ki yi mini abu ɗaya. Ran da ta zo da gaske, kada ki yarda da waya. Kada ki yarda da Bulus. Ki je ki gan ni da idonki. Sannan ki rubuta, ki ba wani ya karanta."

"Ni, Baba? Ai ka ga yadda na yi da kana da rai ma!"

"Na gani. Shi ya sa na zaɓe ki. Ke ba za ki yi gaggawa ba."

Na ce to, don a bar maganar. A raina na ce wannan tsohon sai ya binne mu duka.

Ya ƙara shekara da wani abu yana zuwa da kujerarsa. Sai kwanan baya, da safe, Maman Blessing maƙwabciyarsa ta shigo kafe ba ko ɗankwali. Ta ce ta kai masa kunu, ta yi sallama ba amsa, ta shiga ta same shi. Ta ce ya tafi cikin barci.

Yaya ya zauna a gaban kwamfuta, ya ɗora hannu, sai ya janye shi ya sa a aljihu. Wayarsa ta fara ƙara ba tsayawa. Kowa tambaya ɗaya: da gaske ne wannan karon? Wani ma dariya yake, yana cewa a gaida Baba, a ce masa shinkafa ta yi tsada. Matan zumunta suka ce ba za su kafa rumfa ba sai sun tabbata. Sai ga Rifkatu a layi.

"Bulus, ba zan taso ba sai Saratu ta ce ta gani. Baba ya gaya mini. Ba ni ita."

Na karɓi wayar, na ce, "To, Anti."

Ɗanjuma ne ya kai ni. Duk hanya ina roƙon Allah taya ta fashe. A ƙofar ɗakin na tsaya cak. Maman Blessing ta ce, "Bari in shiga in sake duba miki." Na ce a'a, ni aka ce. Na ɗaga labule.

Yana kwance, an ja masa zane har ƙirji. Tabarau na kan kujera, biron na kan Littafi Mai Tsarki a gefen gado. Kunnensa na dama ba komai. Ban taɓa ganin kunnen nan haka ba. Fuskar kuwa kamar mai barci, har da ɗan murtukewar nan tasa, kamar yanzu zai buɗe ido ɗaya. Na kasa taɓa shi. Ban san yadda ake tabbatarwa ba, ni ba nas ba ce. Sai na yi abin da na sani. Na matso, na buɗe baki, na faɗa da gangan, da ƙarfi, yadda ba zai iya jurewa ba:

"Baba Kugiya, ina kwana."

Na jira.

Ba wanda ya ce mini daga maƙogwaro. Ba wanda ya ce in sake.

A nan na durƙusa na kama hannunsa, ya yi sanyi, kuma ban gudu ba. Har yanzu in na rufe ido shirun nan nake ji, shi ne yake hana ni barci. Na fito na kira Kaduna na ce, "Anti, na gani. Ki taso."

Na koma kafe na rubuta sanarwar a hankali. Kowace ƙugiya na je na ɗauko ta ɗaya bayan ɗaya. Waya na ta ƙara, Yaya bai ce oya ba ko sau ɗaya. Da na gama na fitar a bayan takardar da ta lalace, na miƙa masa. Ya buɗe durowa ya ɗauko sabon biron nan da Baba ya ce bai san aiki ba. Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko. Ya sami wuri ɗaya da na haɗa ba da na. Ya ja layi, hawaye ya ɗiga a kan layin, ya ce, "Gyara, sannan ki danna." Waɗanda kuka ga ƙananan akwatuna a cikin sunansa, ba kwamfutarku ce ta lalace ba. Niyya ce.

Tsohon biron yana hannunmu yanzu, Rifkatu ta ce a kafe ya dace ya zauna. Wannan rubutun ma da shi Yaya ya bi shi, sai da ya zaga bayan janareto. Ɗanjuma kuwa ranar jana'iza ya zo da keke an sake fenti: BA NA ƘARYA, komai a wurinsa, shi ya ɗauki furanni zuwa maƙabarta. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya don girmamawa: WA YA KARANTA. Ba alamar tambaya. Ni da Yaya muka dubi juna a bakin kabari, dariya ta kusa ƙwace mana a gaban fasto.

Allah ya jiƙan Baba Iliya, ya ba shi hutu daga allunanmu da kekunanmu. Ya ba Rifkatu da jikoki haƙuri, ni kuma ya mayar mini da barcina. In an buɗe littafin rai a gabansa, Allah ya sa ya tarar da sunansa a ciki, an rubuta daidai, da ƙugiyarsa. Amin.